Kusurwar da Shanu Ke Shiga

Lawali ya fizgi igiyar, saniyar ta turje, ya sake fizga har ya kai ta gindin wani mangwaro a tsakiyar lambu, ya yi mata ɗaurin da ko ɓarawon akuya ba a yi wa irinsa. Fara ce mai dogayen ƙahoni, bakinta sharkaf da ruwan mangwaro. Ita dai ko a jikinta, tauna kawai take yi.

"Ci," in ji shi yana haki. "Ci ki ƙoshi. Yau da ke da ubangidanki sai gaban Hakimi."

Ubangidan nata shi ne Tambaya, Bafillatanin da rugarsu ke bayan lambun ta gabas. Da hantsi Lawali ya iso ya tarar da shanu sun fi goma a ciki, sun shigo ta kusurwar da shingen ƙaya ya buɗe, suna ta kwasar mangwaron da ya zube a ƙasa. Ya bi su da sanda suka watse, wannan ɗaya ta shiga hannu. Ihunsa ya jawo Tambaya da mutanen ruga, har da kawun Tambayan, wani tsoho tukuf mai dogara sanda yana tare kunne da tafin hannu. A gabansu Lawali bai rage komai a cikinsa ba. Ya kira Tambaya ɓarawo, ya ce da hannunsa yake buɗe shingen, ya ce kashin shanunsa ne ke tara ƙudan da ya lalata masa lambu. Tambaya ya tsaya ya ji har ƙarshe, ya dubi saniyarsa, ya kama hannun tsohon suka juya bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi komai ƙona wa Lawali rai, don shi mutum ne da in ya yi faɗa yana so a tanka masa.

Ya koma kusurwar ya janyo ƙaya ya toshe, ya bi da duwatsu ya danne.

Ba shanun kaɗai ke cin ransa ba. Lambun nan, itatuwa sittin da huɗu a bakin hanyar Gusau zuwa Bungudu, mahaifinsu ne ya dasa shi, kuma da ya rasu ya bar wa su uku: Shu'aibu babba, Lawali, da ƙanwarsu Bara'atu. Lawali ne kaɗai ya zauna yana wahala da shi. Shekara uku ke nan a jere mangwaron na yin tsutsa. Ka ɗauko shi ja jawur mai kyau, ka yanka ka tarar da cikin ya zama kunu, fararen abubuwa na motsi. Bara dillalin da ke zuwa daga Tsafe da mota ya yanka uku, ya goge wuƙarsa a jikin riga, ya yi sallama. Tun kuma da aka mai da Gusau babban birnin jiha shekaranjiya-shekaranjiyar nan, duk wani fili na bakin hanya masu kuɗi sun sa masa ido. Shu'aibu ya ce ya gaji: in bana ma tsutsa ce, a sayar, a sare itatuwan a yanka fuloti. Yau bayan la'asar zai zo da mai saye ya ga wurin. Bara'atu ce ba ta faɗi bayan wanda take ba, kuma mai sayen ya ce ko duka ko ya fasa.

Yana cikin kwance famfon feshi daga bayan kekensa sai ga kabu-kabu ya tsaya a bakin hanya, Bara'atu ta sauko daga babur ɗin da jaka a hannu. Malamar gona ce a ma'aikatar gona ta Gusau, kuma tun suna yara bakinta bai taɓa tsoron nasa ba.

"Yaya, me nake gani? Kiwo kuma ka koma?"

"Bara'atu, yau ba ranar wasa ba ce."

Ta ɗaga galan ɗin maganin ƙwarin da ke kusa da famfon ta karanta rubutun jikinsa, fuskarta ta canza.

"Wannan ai na auduga ne. Ina ka samo shi?"

"Kasuwar Tsafe. Mai shi ya rantse mini ko kunama ya taɓa ba ta kwana."

"To ai ɗan mutum ma haka! Sati biyu ya rage a fara tsinka, ka fesa wannan yaran Bungudu su sha? Haba Yaya!"

"To in yi yaya? In naɗe hannu Shu'aibu ya kawo masu zarto? Ke kina can ofis ƙarƙashin fanka, kin san abin da nake gani a nan?"

"Fankar da rabonta da wuta tun azumi." Ta ajiye galan ɗin a bayanta. "Kuma ko na kirki ne, galan ɗaya ba ya isar itace sittin. Mu a wurin aiki ba ma fesa lambu gaba ɗaya kamar mai yayyafin ɗaki. Sai mun san inda ƙwaron ya taru tukuna, a bi shi can."

"Ni na san inda ya taru." Ya nuna gabas da haɓa. "Can inda shanun wancan mutumin ke kashi."

"Ka ƙirga?"

"Sai na ƙirga? Idona na ado ne?"

Ta buɗe jakar ta zazzago tsummoki, wasu ja wasu fari, duk an yayyaga su sili-sili. Ta ce kowane itace za a tsinko biyar a yanka. In uku ko fiye na da tsutsa a ɗaura masa ja a reshe, in ɗaya ne ko babu a ɗaura fari, in biyu ne a bar shi haka. Lawali ya ce wannan ɓarna ce, mangwaro ɗari uku da wani abu a yanka a banza don a yi wa itace kwalliyar sallah.

"Abin da tsutsa ta riga ta cinye kake wa rowa?" in ji ta. "Ji nan, Yaya. In maganarka gaskiya ce, kusurwar can za ta yi ja har ta fi ko'ina. Sai ka kawo Hakimi da kansa ya gani. Wace shaida ta fi wannan?"

Nan ta kama shi. Ya ɗauki maƙata, dogon goran nan mai ƙugiya da ake tsinko 'ya'yan itace, ya ce su fara daga kusurwar. Ta ce a'a, layi-layi za a bi daga bakin hanya, don kada a tsallake wani. Ya yi tsaki ya bi ta.

Rana ce ta bazara mai dafa ƙwaƙwalwa. Shi yana tsinkowa, ita tana yankawa. Itacen farko, huɗu cikin biyar. Na biyu, duka biyar. Kowane jan tsumma ta miƙa masa sai ya ɗaura shi yana zagi, wani lokaci Tambaya, wani lokaci Shu'aibu da takalminsa mai ƙyalli, wani lokaci dillalin Tsafe da wuƙarsa. Ƙarƙashin itatuwan kuwa ba wurin sa ƙafa, ruɓaɓɓen mangwaro ne jibge, yana tsami, yana manne wa takalmi.

A layi na uku ta kira shi ta nuna masa wani ƙaramin ƙuda mai zane a fiffike, yana tafiya a bayan wani ɗanyen mangwaro.

"Ga mutumin naka. Ba ƙudan kashin shanu ba ne, wannan ba abin da ya haɗa shi da kashi. Hudawa yake ya sa ƙwai a ciki. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, mangwaron ya faɗo, ta fita ta shige ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito da fiffike ta koma sama."

"Karatun ofis," in ji Lawali. "Bari mu kai can ki gani."

Suka yi azahar a inuwa, suka ci gaba. Jan tsumma ya yi ƙasa har sai da ta riƙa raba kowane sili biyu. Fararen kuwa suna nan a jaka ba a taɓa ko ɗaya ba. Da suka wuce saniyar a tsakiyar lambu, sun tarar ta share duk inda igiyarta ta kai, ta miƙa wuya tana neman ƙari. Lawali ya harare ta ya wuce.

Da suka doshi kusurwar gabas ya gyara tsayuwa, har da naɗe hannun riga.

"To Malama, buɗe ido. Yanzu za ki ga uwar tsutsa."

Ya tsinko biyar. Ta yanka na farko, lafiya lau. Na biyu, lafiya. Har na biyar ba ko ɗigo. Ta ɗago ta dube shi, ta zaro farin tsumma.

"Dace ne," in ji shi. "Je ki na gaba."

Na gaba ɗaya ne kawai ke da tsutsa. Wanda ke binsa babu. Lawali ya fizge wuƙar daga hannunta ya ce ita ke zaɓar inda take yankawa. Ya tsinko goma daga itace guda, ya daddatsa su da kansa, ruwan na bin gwiwar hannunsa. Cikinsu tas, ƙamshi na tashi. Ya jefar da wuƙar ta kafe a ƙasa.

Itace goma sha ɗaya suka sami fari, dukansu a kusurwar nan.

"Zo mu hau dutse," in ji Bara'atu.

Akwai wani falalen dutse a arewacin lambun inda suke shanya barkono suna yara. Daga samansa ana ganin lambun gaba ɗaya. Ja ne ko'ina, daga bakin hanya har tsakiya, sai kusurwa ɗaya da ta yi fari fat. Tsakanin jan da farin akwai itatuwa shida da ba a ɗaura wa komai ba, su ma a jere suke, sun zagaye farin.

"Wallahi ni ma ban zaci haka ba," in ji ta a hankali. "Na ɗauka gefen lambun da ke kusa da gulbi ne zai fi lalacewa saboda danshi, shi na zo da niyyar mu yi wa magani. Yaya, dubi ƙasa. Bar kallon sama."

Ya duba. Ƙarƙashin jajayen itatuwan ƙasa ta yi baƙi da ruɓa. Ƙarƙashin fararen kuwa kamar an bi da tsintsiya, ba komai sai sawun kofato da kashin shanu da ƙwallayen da aka tsotse. Inda sawun ya tsaya, nan farin ya tsaya.

"Suna cinye wanda ya faɗo tun tsutsar ba ta shiga ƙasa ba," in ji ta. "Kullum da safe. Shi ke nan fa."

Lawali ya ƙura wa sawun ido. Sai ya tuno wani abu. Duk lokacin mangwaro, mahaifinsu kan buɗe wa shanun ruga lambun da sanyin safiya, su zagaya su fita kafin rana ta ɗaga. Shi Lawali tun yana saurayi yake ganin sakaci ne irin na tsoho, an saye shi da ƙwaryar nono. Shekara guda da rasuwar Baba shanun suka cinye masa ƙananan dashen mangwaro mai aure guda arba'in da ya sha wahalar rainonsu, a ranar ya sari ƙaya ya zagaye lambun kaf. Tsutsa kuwa a shekarar da ta biyo ta fara.

Haushi ya taso masa sabo fil, ya rasa wanda zai sauke wa. Ya ji haushin Baba da ya tafi bai yi masa bayani ba, ya ji haushin Bara'atu da tsummokinta, ya ji haushin saniyar da ke can tana tauna kamar ta san komai.

"Ko ma mene ne, shiga lambun mutum ba izini laifi ne," in ji shi.

"Laifi ne," in ji ta. "Ga mai laifin can ya iso."

Tambaya ne tsaye a bakin hanya, ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa da malfa, sanda a kafaɗa. Da yake an toshe kusurwar, zagayowa ya yi ta ƙofa. Suka sauko suka same shi kusa da saniyar, yana shafa mata wuya.

"Ga ni, Lawali," in ji shi. "Ka ce gaban Hakimi. Mu tafi tun bai shiga gida ba."

"Kai ke buɗe mini shinge?"

"Awo, ni ne. Nan ba ka yi mini ƙarya ba."

"Ka ji ko!" Lawali ya juya wajen ƙanwarsa. "Da bakinsa!"

"Itatuwan kusurwar can," in ji Tambaya, bai ɗaga murya ba, "ni da kai muka yi musu ban-ruwa da tulu muna yara, ko ka manta? Marigayi babanku ya sha gaya wa babana, ranar da shanu suka daina shiga lambun nan, mangwaro ya tashi daga aiki. Duka ba zan iya ba, ka toshe. Na ce bari ko waɗannan su tsira."

"To me ya hana ka faɗa mini? Bakinka ciwo yake?"

"Na faɗa maka. Ranar da kake kafa ƙayar nan na zo na same ka."

"Ƙarya ne!"

"Ka ce in bari sai ranar da ka fara tatsar nono in zo in koya maka, amma noma ba ruwan Bafillace da shi."

Lawali ya kau da kai. Maganar tasa ce, ko ba a rantse ba, har yadda ya riƙe gatari yana faɗinta ya tuna.

"Dashena arba'in fa?" in ji shi da ƙarfi. "Su ba dukiya ba ne?"

"Dukiya ne, kuma na ba ka haƙuri a kansu. Na ce ka kewaye ƙananan ka bar manyan. Ka kewaye duka."

Sai ga ƙarar hon daga bakin hanya. Wata farar mota ce ta tsaya, Shu'aibu ya fito daga gaba yana gyara hula, wani mai babbar riga ya fito daga baya, tuni ya fara auna lambun da ido yana nuni da carbi.

Bara'atu ta matso kusa da Lawali ta rage murya.

"Yaya, ka ji tawa tun bai ƙaraso ba. Abin da ya riga ya yi tsutsa bana ya tafi, ba mai dawo da shi. Amma in za a buɗe shingen nan shanu su share ƙasa daga gobe har ƙarshen mangwaro, ni rabona ba na sayarwa ba ne, sai mun ga baɗi. In kuma ƙayar za ta zauna, wallahi yau zan bi bayan Yaya Shu'aibu. Gara a sare su sau ɗaya da in riƙa zuwa ina kallon itatuwan Baba na ruɓewa."

"Har ke?"

"Har ni."

Ya dube ta kamar ya mare ta. Ya juya ya durƙusa gindin itacen, ya yi ta kokawa da ɗaurin da ya yi da safe, ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ya cire igiyar daga wuyan saniyar ya wurgar gefe.

"Ɗauki abarka," ya ce wa Tambaya, bai dube shi ba. "Gobe ka kawo su. Duka. Da sassafe, ba sai rana ta yi tsaka ba."

"A'a," in ji Tambaya.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. A gaban kawuna ka kira ni ɓarawo. Tsohon nan tun safe ko fura bai sha ba, cewa yake mu tashi mu bar muku wurinku. Rabin shanun nasa ne. In kana so su shigo, shi za ka je ka gaya wa, a ruga, a gaban waɗanda suka ji na safe."

Ya taɓa saniyar da sanda, ta kama hanyar da ta sani, ta nufi kusurwar gabas. Ya bi bayanta.

Hon ya sake tashi, wannan karon dogo. Shu'aibu ya tsallako ƙofa yana ɗaga ƙafa saboda ruɓaɓɓen mangwaro.

"Lawali! Kai Lawali! Alhaji na jira! Wannan tsummokin kuma na mene ne, ko bori kuka fara?"

Lawali ya tsaya a tsakiya. Shi da ko matarsa bai taɓa ba haƙuri da baki ba, sai dai ya sayo mata tsire ya ajiye ya yi shiru. Ya dubi yayansa, ya dubi mai babbar rigar da ke taka tsawon shinge yana ƙirga taku, ya dubi jajayen tsummokin da ke lilo a rassa.

"Lawali! Ba ka ji ba ne?"

"Ya jira!" Lawali ya daka tsawa har saniyar ta waiwayo. "In ya gaji ga mangwaro nan ya sha!"

Ya wuce fuu, ya riga Tambaya isa kusurwar. Ya ture duwatsun da ƙafa, ya cafki ƙayar da hannu tsirara ya yi ta fizga yana jifa, yana zagin ƙayar da wanda ya sare ta. Kafin hanya ta buɗe tafinsa duk ya yi jini. Saniyar ta bi ta gefensa ta fita, Tambaya ya bi ta, shi ma ya bi su yana goge hannu a wando.

Sun yi nisa a cikin gonakin da ba a share ba, bukkokin ruga sun fara bayyana, kafin Lawali ya yi magana, can ƙasa-ƙasa.

"Tsohon nan, in na ja shi gefe na faɗa masa mu biyu, ai ya wadatar ko?"

Tambaya bai waiwayo ba.

"Kunnensa ya yi nauyi," in ji shi. "Sai ka ɗaga murya kamar yadda ka yi da safe."